Hawan Jini: Abubuwan Da Ke Sa Majinyata Barin Shan Magani Da Yadda Za A Shawo Kansu

Hawan jini na cikin cututtukan da likitoci suka daɗe da sanin maganinsu. Ƙwayoyin da ke saukar da shi sun shafe shekaru da dama a kasuwa, yawancinsu sau ɗaya ake sha a rana, kuma ana samunsu har a ƙananan asibitoci. Duk da haka, cutar na ci gaba da kwantar da mutane da shanyewar ɓarin jiki, da ciwon zuciya, da lalacewar ƙoda. Ɗaya daga cikin manyan dalilan hakan shi ne yadda majinyata da yawa ke fara shan magani, sannan su bari bayan 'yan makonni, ko su riƙa sha yau su tsallake gobe.

Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, ta fitar a shekarar 2023 ya nuna cewa masu hawan jini a duniya sun ninka daga miliyan 650 a shekarar 1990 zuwa biliyan 1.3 a shekarar 2019. Rahoton ya ce kusan rabinsu ba su san suna da cutar ba, kuma mutum huɗu cikin biyar ba sa samun kulawar da za ta daidaita jininsu.

A Najeriya, wani nazari da aka wallafa a shekarar 2021, wanda ya tattara binciken da aka yi a sassan ƙasar, ya ƙiyasta cewa masu cutar sun ƙaru daga kimanin miliyan 4.3 a shekarar 1995 zuwa miliyan 27.5 a shekarar 2020, wato kusan baligi ɗaya cikin uku. Nazarin ya gano cewa kashi 29 cikin 100 ne kacal suka san halin da suke ciki, kashi 12 ne ke shan magani, sannan waɗanda jininsu ya daidaita ba su kai kashi 3 cikin 100 ba.

Me ake nufi da bin ƙa'idar magani?

Likita kan tabbatar da hawan jini idan awo ya kai 140 bisa 90 ko ya wuce, a ranaku biyu daban-daban. Daga nan ne ake ba majinyaci shawarar sauya abinci da salon rayuwa, a kuma rubuta masa magani idan akwai buƙata. Bin ƙa'ida na nufin shan adadin da aka rubuta, a lokacin da aka faɗa, kowace rana, tare da komawa asibiti a ranar da aka sa. Masu bincike kan lissafa mutum cikin masu bin ƙa'ida idan ya sha aƙalla kashi 80 cikin 100 na ƙwayoyin da aka rubuta masa.

Dalilin wannan tsanani yana cikin yadda maganin ke aiki. Wasu ƙwayoyin na sassauta jijiyoyin jini domin ya wuce cikin sauƙi, wasu na taimaka wa ƙoda ta fitar da gishiri da ruwan da suka yi yawa, wasu kuma na rage ƙarfin bugun zuciya. Babu wadda ke kawar da tushen cutar a wajen mafi yawan mutane. Aikin ƙwaya ɗaya kan ɗauki kimanin kwana guda, don haka idan aka daina sha, jinin kan koma inda yake cikin kwanaki ko makonni.

Amfanin dagewa kuma a bayyane yake. Wani babban nazari da mujallar The Lancet ta wallafa a shekarar 2016 ya nuna cewa rage lambar sama ta awon jini da 10 kan rage haɗarin shanyewar ɓarin jiki da kashi 27 cikin 100, ya rage na gazawar zuciya da kashi 28 cikin 100.

Tun a shekarar 2003 WHO ta yi gargaɗin cewa ko a ƙasashen da suka ci gaba, kimanin rabin masu doguwar jinya ne kawai ke shan magani yadda aka tsara, kuma lamarin ya fi muni a ƙasashe masu tasowa. Hukumar ta kasa dalilan gida biyar: yanayin cutar, yanayin maganin, halin majinyaci, tattalin arziki da zamantakewa, sai kuma tsarin kiwon lafiya. Wannan rabe-rabe ya nuna cewa ɗora laifin gaba ɗaya a kan majinyaci kuskure ne.

Cutar da ba ta nuna alama

Mai zazzaɓi ya san lokacin da ya kamu, ya kuma san lokacin da ya warke. Hawan jini ya sha bamban, domin mutum na iya shekaru da shi yana harkokinsa ba tare da jin komai ba. Wannan ne ya sa ake yi masa laƙabi da mai kisan mummuƙe.

Majinyata da yawa sun ɗauka ciwon kai, ko jiri, ko rashin barci su ne ma'aunin hawan jini. Idan kai ya sara sai su haɗiyi ƙwaya, idan ya lafa sai su ajiye. Alhali jini na iya kai wa 180 ba tare da ciwon kai ba, haka kuma kai na iya ciwo jinin na daidai. Na'urar awo ce kaɗai ke faɗin gaskiyar lamari.

Akwai kuma wanda zai je asibiti a auna shi a ce jininsa ya sauka, sai ya fahimci hakan a matsayin sallama. Saukar jinin shaida ce cewa maganin na aiki, kuma dalili ne na ci gaba da shi. Likita ne kawai zai iya rage adadin ƙwaya ko ya dakatar da ita, bayan ya bi diddigin awo na tsawon lokaci.

Wani fahimtar da ta yaɗu ita ce ɗaukar hawan jini a matsayin ciwon tunani da damuwa kawai. Gaskiya ne ɓacin rai na ɗaga jini na ɗan lokaci, amma gado, da shekaru, da ƙiba, da yawan gishiri, da rashin motsa jiki, da ciwon ƙoda duk suna da hannu. Wanda ya biya bashin da ke damunsa ya samu kwanciyar hankali bai rabu da cutar ba.

Tsadar magani

Ga mai ƙaramin ƙarfi, tambayar farko ita ce ta kuɗi. Fiye da kashi 70 cikin 100 na abin da ake kashewa a kan lafiya a Najeriya daga aljihun jama'a yake fitowa kai tsaye. Maganin zazzaɓi sau ɗaya ake saya a gama, na hawan jini kuwa kowane wata sai an saya, tare da kuɗin mota, da na kati, da na gwajin ƙoda da suga.

Yawancin magungunan da ake sha a ƙasar nan, da sinadaran da kamfanonin gida ke haɗa su da su, daga waje ake shigo da su. Saboda haka faɗuwar darajar naira tun daga watan Yunin 2023 ta ɗaga farashinsu sosai. A cikin wannan shekarar ce kamfanonin GSK da Sanofi suka sanar da daina gudanar da harkokinsu kai tsaye a Najeriya. A watan Yunin 2024 Shugaba Bola Ahmed Tinubu ya sa hannu a kan umarnin cire haraji daga wasu kayayyakin haɗa magunguna, domin rage wa masana'antun gida nauyi.

Idan kuɗi ya yi ƙaranci, majinyata kan ƙirƙiro dabaru masu haɗari. Wani ya raba ƙwaya biyu, wani ya sha bayan kwana bibbiyu, wani ya sayi ɗaya daga cikin magunguna uku da aka rubuta masa, wani kuma ya sayi na kwana biyar ya jira ƙarshen wata. Matan da ba su da abin hannu, da tsofaffin da suka dogara da 'ya'ya, da 'yan fanshon da kuɗinsu ke makara su ne suka fi shiga wannan hali.

Abin da da yawa ba su sani ba shi ne magani ɗaya kan zo da sunayen kamfanoni daban-daban, kuma farashinsu ya bambanta nesa ba kusa ba. Majinyaci na da damar gaya wa likita ko mai harhaɗa magani ƙarfin aljihunsa, a zaɓa masa mai rahusa wanda ke da rajistar hukumar NAFDAC. Dokar inshorar lafiya ta ƙasa da aka sa wa hannu a watan Mayun 2022 ta wajabta inshora a kan kowa, kuma jihohi na da hukumominsu na taimakekeniyar lafiya, sai dai har yanzu mafi yawan 'yan ƙasa, musamman manoma da 'yan kasuwa da masu sana'ar hannu, ba su shiga tsarin ba.

Lissafin da ya kamata iyali su yi shi ne kwatanta kuɗin ƙwayar wata guda da kuɗin wankin ƙoda, wanda ake yi sau biyu ko uku a mako, ko jinyar magidancin da ɓarin jikinsa ya shanye ya daina nema.

Illolin magani da kunyar faɗa

Kowane magani na da abin da yakan haifar a jikin wasu. Amlodifin kan kumbura ƙafa. Lisinofiril da danginsa kan sa busasshen tari mai naci. Magungunan da ke fitar da ruwa kan sa yawan fitsari, abin da ke takura direba mai doguwar tafiya, da ɗan kasuwa, da mai kiyaye alwala. Wasu kan ji jiri idan sun miƙe tsaye da sauri, musamman a makonnin farko.

Akwai kuma matsalar da maza ba sa son ambata, wato raunin mazakuta. Wasu magungunan, kamar atenolol da wasu masu sa fitsari, na iya haddasa shi a wajen wasu mutane. Amma hawan jinin da ba a kula da shi ba shi ma yana lalata jijiyoyin da ke kai jini gaban namiji, kamar yadda ciwon suga ke yi. Magidanci kan bar magani a ɓoye ya koma wa masu tallar maganin ƙarfin maza, ya ƙara wa kansa haɗari.

Kusan dukkan waɗannan illoli na da mafita, domin rukunonin maganin hawan jini suna da yawa. Mai tarin lisinofiril ana iya mayar da shi kan losatan. Mai kumburin ƙafa ana iya rage masa adadi a haɗa masa da wani. Mai yawan fitsari ana iya sauya masa lokacin sha. Sharaɗin kawai shi ne likita ya ji ƙorafin. Dakatar da wasu magungunan farat ɗaya, irin su atenolol, na iya sa zuciya ta riƙa bugawa da sauri, jini ya yi tashin gwauron zabo. Sai dai wanda leɓensa ko harshensa ya kumbura bayan shan lisinofiril ya daina nan take ya garzaya asibiti.

Mata masu juna biyu, da masu shirin ɗaukar ciki, na buƙatar kulawa ta musamman. Lisinofiril da losatan na cutar da ɗan tayi, amma akwai waɗanda likitoci ke bayarwa a lokacin goyon ciki, kamar metildofa da nifedifin. Barin magani gaba ɗaya saboda tsoro na jefa uwa cikin haɗarin jijjiga, wadda ke cikin manyan abubuwan da ke kashe mata wajen haihuwa a Najeriya.

Yawan ƙwayoyi da mantuwa

Mafi yawan masu hawan jini na buƙatar magani biyu ko fiye kafin jininsu ya daidaita. Idan aka haɗa da na suga, da na kitsen jini, da na ciwon gaɓoɓi, dattijo na iya samun kansa da ƙwayoyi shida ko bakwai a rana, kowace da lokacinta. Bincike ya sha nuna cewa duk lokacin da yawan ƙwayoyi da lokutan sha suka ƙaru, bin ƙa'ida kan ragu.

Wannan ne ya sa a shekarar 2019 WHO ta saka ƙwayoyin da ke haɗe da magani biyu a cikin jerin muhimman magunguna, sannan ƙa'idojinta na shekarar 2021 suka fifita amfani da su. A shekarar 2019 ɗin ce kuma aka wallafa sakamakon binciken CREOLE, wanda Dike Ojji na Jami'ar Abuja ya jagoranta a kan majinyata 728 a ƙasashen Afirka shida. Binciken ya nuna cewa haɗin da ke ɗauke da amlodifin ya fi saukar da jinin baƙar fata idan aka kwatanta da haɗin da babu shi. Majinyacin da ya ga sakamako da wuri ya fi samun ƙwarin gwiwar ci gaba.

Mantuwa kuwa ana rage ta da ɗaura shan magani a kan abin da mutum ba ya fashi, kamar sallar asuba, ko karin kumallo, ko addu'ar safe. Ƙararrawar wayar hannu, da akwatin ƙwaya mai ɗakunan kwana bakwai, da tunatarwar mata ko ɗa duk suna taimakawa. Wanda ya manta har lokacin ƙwayar gaba ya kusa kada ya haɗa biyu ya sha. Matafiyi kuma ya riƙe abin da zai ishe shi, musamman maniyyata aikin Hajji da fatake masu daɗewa a hanya.

Maganin gargajiya, azumi da imani

A kasuwanni da tashoshin mota, har ma a wasu kafofin watsa labarai, ana tallar jiƙe-jiƙe da garin magani da alƙawarin raba mutum da hawan jini kwata-kwata. Wannan alƙawari na jan hankalin wanda aka ce masa zai sha ƙwaya iya rayuwarsa. Gaskiya ne bincike ya nuna zoɓorodo da tafarnuwa na iya ɗan rage jini, amma ragin kaɗan ne, ba ya maye gurbin ƙwaya. Haɗe-haɗen da ba a san abin da ke cikinsu ba kuwa na iya lalata ƙodar da hawan jini ya riga ya raunana.

Akwai kuma abubuwan da ke warware aikin magani ba tare da mutum ya sani ba. Magungunan ciwon jiki irin su ibufurofen da daikulofenak, da wasu magungunan mura, da ƙwayoyin da wasu ke sha don ƙiba, duk suna ɗaga jini. Haka nan gishiri, da dunƙulen ɗanɗano, da kanwa, domin dukkansu na ɗauke da sinadarin sodiyam. WHO ta ba da shawarar kada baligi ya wuce giram 5 na gishiri a rana, wato ƙasa da cikin ƙaramin cokalin shayi. Idan jini ya ƙi sauka saboda waɗannan, majinyaci kan yanke hukuncin cewa maganin ba ya yi, ya watsar.

A watan Ramadan wasu kan ajiye magani har sai bayan sallah. Babu buƙatar hakan, domin ƙwayar da ake sha sau ɗaya a rana ana iya mayar da ita lokacin sahur ko bayan buɗa-baki. Abin da ya dace shi ne ganin likita makonni kafin azumi domin tsara lokutan, musamman ga masu shan maganin da ke fitar da ruwa a lokacin zafi. Wanda jininsa ya yi mummunan hawa, ko yake da ciwon zuciya ko na ƙoda, ya nemi shawarar likita da ta malamai, tunda addini ya yi rangwame ga marar lafiya. Haka lamarin yake ga Kiristoci masu azumi. Limamai da fastoci na da rawar takawa wajen fahimtar da mabiya cewa addu'a da neman magani suna tafiya tare.

Rawar da asibiti ke takawa

Manomin da zai yi tafiyar kilomita masu yawa zuwa babban asibiti, ya wuni a layi, ya ga likita na minti biyar, sannan a ce masa maganin ya ƙare a kantin asibiti, da wuya ya dawo wata mai zuwa. Ƙarancin likitoci, wanda ficewarsu zuwa ƙasashen waje ya tsananta, ya rage lokacin bayani. Majinyata da yawa na fita ba tare da an gaya musu lambar awonsu ba, ko sunan maganinsu, ko cewa idan ya ƙare sai an sake saye. Wani lokaci kuma bayanin da aka yi da Turanci ne, ko da harshen da majinyaci bai ƙware a kai ba.

Jabun magunguna su ma na karya gwiwa. Wanda ya dage yana shan ƙwayar da ba ta da ƙarfi zai ga jininsa bai motsa ba. Saye a kantin magani mai rajista, da duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, da guje wa masu talla a rana na rage wannan haɗari.

An fara ɗaukar matakan gyara. A shekarar 2020 Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya, tare da WHO da ƙungiyar Resolve to Save Lives, ta fara shirin yaƙi da hawan jini a cibiyoyin lafiya na matakin farko a jihohin Kano da Ogun. A Babban Birnin Tarayya kuma Jami'ar Abuja da abokan aikinta sun gudanar da makamancinsa a cibiyoyi 60. Shirye-shiryen sun dogara ne a kan tsari mai sauƙi: ma'aikatan jinya da jami'an lafiya na al'umma da aka horar su auna jini, su fara da amlodifin, su ƙara wani bisa matakan da aka rubuta, su riƙe rajistar majinyata, su nemi wanda bai dawo ba, su tura mai wuyar sha'ani babban asibiti. Ƙa'idojin WHO sun ce a riƙa ganin majinyaci kowane wata har jininsa ya daidaita, daga nan kuma bayan wata uku zuwa shida, abin da ke rage masa zirga-zirga idan an ba shi maganin da zai kai shi.

Nauyin da ke kan kowa

Majinyaci ya san lambar awonsa da sunan maganinsa, ya rubuta su a ƙaramin littafi, ya sayi sabo kafin tsohon ya ƙare, ya kuma faɗa wa likita gaskiya idan ya yi fashi. Ɓoye fashin na sa likita ya ɗauka maganin ne ya gaza, ya ƙara wani ba tare da buƙata ba.

Iyali su sa kuɗin magani cikin kasafin wata kamar yadda suke sa na hatsi, su rage gishiri a tukunyar gida gaba ɗaya maimakon ware wa mutum ɗaya nasa kwanon. Su kuma san alamomin haɗari: karkacewar baki, mutuwar hannu ko ƙafa, sarƙewar magana, ciwon ƙirji, ko ɗaukewar numfashi. Duk wanda ya nuna ɗaya daga cikinsu a kai shi asibiti nan take.

Ma'aikatan lafiya su tambayi majinyaci abin da ke hana shi sha cikin lalama da harshen da yake ji. Gwamnatoci kuma su tabbatar da cewa cibiyoyin matakin farko na da na'urar awo mai aiki da magani mai rahusa a kowane lokaci, su faɗaɗa inshora zuwa ga masu ƙaramin ƙarfi.

Ranar 17 ga watan Mayu ta kowace shekara ce aka ware domin wayar da kai a kan hawan jini, kuma a ranar ake yawan yin awo kyauta a garuruwa da dama. Awon matakin farko ne kawai. WHO ta ƙiyasta cewa idan ƙasashe suka faɗaɗa kulawa yadda ya kamata, za a iya kauce wa mutuwar mutum miliyan 76 daga shekarar 2023 zuwa 2050, kuma cim ma wannan adadi ya dogara ne a kan majinyatan da za su samu maganin, su kuma ci gaba da shansa kowace rana bayan sun bar asibiti.